Gayyar Tattake Sha'ir

A ƙauyen su Setsu, can lardin Tocigi, da sanyi ya kankama sai a fita gayyar tattake sha'ir. Jeruwa ake yi, hannu a baya, a bi kunya a kaikaice ana danne tsiro da ƙafa, don kada ƙanƙara ta ɗaga saiwarsa. Wanda bai taka wa mutane ba, ba mai taka masa.

Bara ciwon rawaya ya faɗa wa gonar da mijin Setsu ya mutu ya bar mata. Ganye ya yi dabbare-dabbare, sha'ir ya tsumbure, mai buhu talatin ta tashi da sha bakwai. Malamin gona ya ce cutar a ƙasa take, ba magani, kuma lakar takalmi ke kai ta gona-gona. Shi ke nan fa, Setsu ta zama abin gudu.

Ranar fara gayya, Kikuji, dattijon da ke tsara ta, ya tare ta a bakin gonarsa.

"Setsu, bana ki huta."

"Na ce maka na gaji ne, Baba Kikuji?"

"Takalminki muke tsoro, ba ke ba."

Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta san irin wannan hutun. Ita kaɗai ba za ta iya take gonarta ba, abin da ciwo ya rage kuma ƙanƙara ta ƙarasa.

Ta tuɓe takalman ta yi jifa da su. Ta fasa ƙanƙarar magudana da diddige, ta dirje ƙafafunta da ƙaiƙayi, ta shiga layi.

"Ke, yatsunki za su guntule!" in ji Kikuji.

"Ai nawa ne."

Kwana huɗu tana tattake gonakinsu ƙafa ba takalmi, har ƙafar ta tsattsage.

Rana ta biyar layinta ne. Ta fito ba ta sa ran kowa, ta ƙudura ko da rarrafe sai ta taka. Sai ga takalma jere a bakin gonarta, masu su a ciki ƙafa tsirara, haƙora na kaɗawa. Kikuji na gaba, yana tsine wa sanyi.

Ƙwalla ta cika mata ido, ta haɗiye abinta.

"Baba Kikuji," ta ce, "koma baya. Ka tsallake kunya ɗaya."