Gishirin Ciyayya

Duk wanda ya zauna ajin Malam Lauwali a sakandaren da ya koyar a Kazaure ba ya manta darasin dankali. Sai ya yanka dankali gida biyu, ya jefa ɓari ɗaya a ruwa zalla, ɗayan a ruwan gishiri, ya ce a haɗu gobe. Kafin gari ya waye na ruwan gishirin ya yi laushi ya yamushe.

"Kun gani ko?" in ji shi. "Duk inda gishiri ya sa ƙafa, ruwa binsa yake yi. Haka abin yake a kwano, haka yake a cikin jininku."

Ya yi ritaya, ɗaliban sun watse cikin duniya, sai ga darasin ya biyo shi har gida. Takalmin da yake zuwa masallacin Juma'a da shi ya ƙi shiga. A asibiti likitar, wadda ba ta wuce sa'ar 'yarsa ba, ta danna masa ƙwauri da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Ta fara bayani a hankali, irin wanda ake yi wa tsofaffi, shi kuwa ya karɓe zancen daga bakinta. Sinadarin sodiyam da ke cikin gishiri yana riƙe ruwa a jini, jinin ya ƙaru, zuciya ta yi ta turawa da ƙyar, ƙoda ta tace har ta gaji, abin da ya rage ya gangara ƙafa.

"To, Baba, ka hutar da ni," ta ce tana dariya. "Ga magani. Gishiri, dunƙule, kanwa, duk ka yi sallama da su."

Ya ce to. Faɗin to a asibiti ba wuya. Wuyar tana ƙofar gidan Maikasuwa.

Maikasuwa maƙwabcinsa ne, ɗan kasuwar hatsi, mai bin kasuwannin Gwiwa da Roni a kan babur. A ƙofar gidansa magidantan layin suke ciyayya tun suna da baƙin gemu: bayan magariba kowa ya fito da kwanon gidansa, a jere a tabarma, a ci na wannan a koma na wancan. A hankali tabarmar ta yi musu yawa. Mutuwa ta ɗauki wasu, wasu 'ya'yansu suka kwashe su zuwa Kano, har ya rage su biyu. Da Allah ya yi wa Asma'u, matar Malam, rasuwa, kwanonsa ma ya daina fitowa. Ya so ya janye don kunya, Maikasuwa ya je har ɗaki ya kamo hannunsa.

"Haba Malam, kwano ɗaya ya ishi mutum biyu. Tashi mu je."

Tun daga ranar Malam yake zuwa hannu rabbana yana cin tuwon Lailatu, matar Maikasuwa. Ita kuwa Lailatu Allah ya ba ta hannun miya, amma hannu ne mai nauyi. Gishiri ya ji, dunƙule ya ji, ga 'yar kanwa don kuka ta yi yauƙi. Daɗi dai ba a magana. A nan kaɗai Malam yake jin muryar da ke kiran sunansa a yini, in ka cire gaisuwar masallaci.

To yanzu ya zai yi? Mutumin da bai kawo ko ƙwayar gero ba, shi ne zai buɗe baki ya ce wa mai gida miyar matarka ta yi gishiri, a riƙa yi mini tawa daban? Ya juya maganar a ransa ta kowace fuska, ko'ina rashin ta-ido yake gani. Ya gwada tsakura yana cewa ya ƙoshi, Maikasuwa ya riƙa turo masa gefen da ya fi miya. Da safe ƙafa ta ba shi amsa.

Sai ya zaɓi hanyar da ya ga ta fi sauƙi, wadda kuma ta fi kowace wauta. Ya daina fita. In an sallame magariba ya sulale ta ƙofar bayan masallaci, ya zagaya ta lungun da ke bin gindin dutse, ya shige gida ya tura ƙyaure.

Ya koyi girki da tsufansa. Wake ba kanwa sai ya shanye rabin itacensa kafin ya nuna. Miya ba gishiri kuwa, ko ɗanɗanon ruwan randa ya fi ta. Yakan zauna a kan turmin Asma'u da ya kife, kwano a cinya, yana ci yana jin motsin bakinsa, don babu wani sauti a gidan. Wani lokaci ya tsinci kansa yana yi wa tukunya darasi, yana gaya mata yadda ƙoda take ware abin da jiki ke so ta mayar, ta zubar da saura. 'Yarsa Zaituna, da ke aure a Dutse, takan bugo waya.

"Baba, ka ci abinci?"

"Na ci."

Ba ta taɓa tambayar shi da wa ya ci ba, shi ma bai faɗa ba.

Ƙafar ta saɓe, takalmi ya shiga, numfashi ya daidaita. Jiki dai ya samu abin da yake so. Amma kaɗaici ya kama Malam Lauwali irin wanda bai ji ba ko a makon da aka binne Asma'u, don a lokacin akwai masu zaman makoki. Ta kan katanga yakan ji an shimfiɗa tabarma, ya ji an ajiye kwano, ya ji gyaran muryar Maikasuwa. Daga nan shiru.

Sau ɗaya suka yi kiciɓis a bakin masallaci.

"Malam, lafiya dai ko?"

"Lafiya lau, Alhaji. 'Yan hidimomi ne."

Maikasuwa ya dube shi, ya san tsohon da ya yi ritaya ba shi da wata hidima da magariba. Bai tona ba. Ya ce, "To, tabarma tana nan," ya wuce.

Ana cikin kakar gero labari ya zo cewa Maikasuwa ya yanke jiki ya faɗi a kasuwar Gwiwa, tsakanin buhuna. Da aka sallamo shi daga asibiti, ɓarin damansa ba ya motsi, magana sai da ƙyar. Aka gyara masa shimfiɗa a zaure don masu dubiya. Malam ya je ya tarar yana barci. Lailatu ta tsaya daga bayan labulen ƙofar cikin gida suka gaisa. Halin malanta bai bar shi ba, ya tambaya ko dama Alhaji yana da hawan jini.

"Ai an daɗe, Malam. Tun bara likita ya hana shi gishiri. Na safe da na rana lami nake yi masa, yana ci yana mita. Na dare ne ya ce kada in kuskura in rage komai."

"Saboda me?"

"Ya ce shi ba zai ajiye maka abinci salam ba, kai da ba ka da mai dafa maka. Wai a yini sau ɗaya kake cin mai daɗi."

Malam ya dafa bango. "Hajiya, ai na daɗe ban fito ba."

"Na faɗa masa. Ya ce in dai sa, wa ya sani ko yau za ka fito. Haka zai zauna da kwanon a rufe har a kira isha'i, sannan ya ci shi kaɗai."

Malam Lauwali ya san jiki. Ya san ba kwano ɗaya ke fasa jijiya a ƙwaƙwalwa ba, akwai shekaru, akwai gado, akwai maganin da mai yawon kasuwa yake mantawa a aljihun wata rigar. Ya jera wa kansa waɗannan duka a hanyar gida, kamar yadda zai jera wa ɗalibai, babu wanda ya rage masa nauyin da ke ƙirjinsa.

Ya hura wuta tun la'asar. Ya tuƙa tuwo mai laushi ƙwarai, ya kaɗa kuka da daddawa da ɗan citta. Ya sauko da kwanon Asma'u mai murfi daga saman kabad, ya wanke ƙurar da ta taru a kai. Da aka sallame magariba ya fita ta ƙofar gaban masallaci, ya ɗauko kwanon ya nufi zauren Maikasuwa.

Maikasuwa yana farke. Idonsa ya sauka a kan kwanon, ya daɗe a wurin. Malam ya tallafo shi ya jingina shi da bango, ya wanke hannu, ya gutsuro 'yar loma ya dangwala miya ya kai masa baki, tunda hannun cin abincin ya tafi. Maikasuwa ya juya lomar a baki, ya haɗiye a hankali.

"Ba... gishiri," ya ce.

"Babu, Alhaji. Ni ma an hana ni."

"Tun... yaushe?"

"Tun ranar da ka daina ganina."

Maikasuwa ya zuba masa ido. Ɓarin bakinsa mai motsi ya karkace kamar zai yi dariya, hawaye kuma ya gangaro ta ɗaya gefen, inda ba ya iya sharewa. Malam ya goge masa da bakin rigarsa, ya ci loma ɗaya shi ma, sannan ya gutsuro wata ya miƙa.