Kwalba Biyu a Rumbu

Shekara uku na yi ina sayar da maganin Mai Giwa a kasuwar Makarfi. Jar kwalba ce daga Ikko, da hoton giwa da rubutun boko. Ban iya boko ba, don haka nakan karanta wa jama'a abin da na ga dama: tari, shawara, ciwon baya, har rashin haihuwa. Sai in kurɓa a gabansu in daki ƙirji. Ban taɓa ciwo ba kuwa. Da ma lafiyata lau.

Wata ranar kasuwa Malam Ashafa duba-gari ya iso da 'yan doka biyu da takarda daga Baturen likitan gwamnati.

"Ɗan'azumi, an auna abinka a Zariya. Ruwa ne da sukari da launi."

"Ranka ya daɗe, giwar fa?"

"Ita ma takarda ce."

Aka farfasa kwalabe a bayan mahauta, ƙudaje suka sha biki. Ya ce in aka sake gani na da ko guda, sai gidan yari.

Saura biyu da na ajiye a rumbunmu a Likoro. A lokacin yayana Jumare yana tari har da jini. Malamin asibitin Kudan ya ba shi takardar zuwa Zariya, mun shirya tafiya ranar Asabar. Na tarar labari ya riga ni gida, Yaya na zaune a tabarma yana murmushi.

"Ka gani ko? Bature ba ya ƙwace abin banza. Wa kansu suke so. Ɗauko min na rumbu."

"Yaya, Zariya fa?"

"In je a tuɓe ni a gaban mata, ga magani a gidanmu? Ko ƙarya kake yi wa mutane shekara uku?"

Nan ne ya kamata in ce e. Kalma ɗaya, ni da nake cika kasuwa da baki. Amma yadda ya zuba min ido, ga matarsa Luba a bakin ƙofa tana saurare, sai na miƙe na hau rumbu.

Cokali ɗaya yake sha safe da yamma, yana tattalinsa. Asabar ta wuce, wata ma ta wuce. Ya rasu dawa na fitar da kai. Har ranar ƙarshe duk wanda ya zo dubiya sai ya gaya masa irin ƙanen da Allah ya ba shi.