Mariƙin Ƙofar Tarlochan

"Ba inda za ni," in ji Ravneet.

"Shirya gawar namiji ba aikin mace ba ne, 'yata," in ji Chacha Balkar, ƙanen mahaifinta. "Karatun nan naki ya yi miki yawa."

"Ai kun gama wankan, Chacha. Amma dubi abin da kuka ɗora masa a ka, kamar ƙunshin wanki. A haka za ku kai shi wurin ƙona gawa?"

Mazan da ke ɗakin suka dubi gawar. Maƙwabcinsu Tarlochan Singh yana kwance a gadon igiya, an taje farin gemunsa, rawanin ya karkace ya rufe masa ido ɗaya. Babu wanda ya iya naɗi a cikinsu. Duk sun aske gashin da addininsu na Sikh ya hana askewa, sun bar rawani tun suna samari, lokacin da 'yan matan garinsu Nawanshahr suka fara cewa ba sa son miji mai kama da kakansu.

Tarlochan ne ke naɗa musu ranar aure. Ango zai zo da haɓa sumul, ya zauna. Tsohon ya naɗa, ya ɗan daki ƙeyarsa. "Rawanin yini ɗaya ne, kada ka saba." Ya naɗa wa rabin garin, shi kuwa ko sau ɗaya ba a kai masa amarya ba.

Ravneet ta koya a wurinsa tana yarinya. Kafin naɗi sai mutum biyu sun ja yadin, kowa da gefensa, su nannaɗe shi. Shi da ba shi da kowa, a mariƙin ƙofa yake ɗaure gefe ɗaya. Da ta tambaye shi dalili, dariya ya yi. "Wata ce ta ce in aske ta aure ni. Na ce gashin ajiyar Guru ne, jagoran addininmu, ba nawa ba. Ƙofa kuwa ba ta taɓa ce min in aske ba."

Ta warware rawanin daga kansa, ta nufi ƙofar da gefe ɗaya.

"Kawo nan."

Mahaifiyarta ce, Surjit, tsaye a bakin ƙofa, mayafinta ya zame. Duk layin sun san wace ce "wata" ɗin, ba a dai faɗa. Ta karɓi yadin, ta ja da baya har tsakar gida. Ta riƙe gam, ba ta saki ba.

Ravneet ta durƙusa ta naɗa masa, ninki kan ninki, har tsinin ya tsaya daidai tsakiyar goshi.

Bai aske ba har ya mutu. Bai bar mata ba, bai bar ɗan da zai kunna masa itace ba, sai da aka roƙi Balkar.

Da aka fita da shi, Ravneet ta zo ja ƙofar. Duk ƙarfen ya yi tsatsa, ban da mariƙin, da yadi ya goge har yana sheƙi.