Waƙar Mama Ozella a Rediyo

A shekarar 1956, a ƙauyenmu na manoman auduga a Arkansas, ni da abokina Delbert Yancey muka ɗauki waƙar da mahaifiyarsa Ozella take kaɗawa a coci, muka ninka saurinta, muka cire sunan Ubangiji muka sa na wata Loretta. Shi ke kaɗa jita da rerawa, ni ina marin igiyoyin ƙaton gogena na Turawa, har muka ɗauke ta a faifai. Har yau ina tambayar kaina ko sata ce muka yi.

Ranar Asabar da hantsi, muna gidansu Delbert, rediyo ya saka faifanmu. Delbert ya daka tsalle har kansa ya fasa ƙwan fitila. Sai ga Mama Ozella a ƙofar kicin, hannunta duk fulawa. Ta sha rantsewa cewa mai kiɗan mashaya ba zai kwana gidanta ba.

"Ɗan nema, wannan ai waƙata ce!"

"Mama, aro muka yi..." in ji Delbert.

"Rufe min baki! Hoyt, kai ne kiɗanka yake jan ƙafa a baiti na biyu?"

"Ni ne, Mama," na amsa.

Ta goge hannu, ta zauna gaban fiyano, ta kaɗa ta da saurin da ya fi namu, tana dariya.

"Gobe a coci haka za mu yi ta. Loretta kuma ta nemi tata waƙar."