Shirun da Tsigi Ta Samo Mini

Tun da ɓarin jikina ya shanye, duniyata ta koma faɗin taga ɗaya. Ɗakina a saman bene yake, matakalar kuma ga ƙunci ga lanƙwasa, sai ƙarti sun ciccibe ni kafin in ga ƙasa. Ni kuwa ba na son a ɗauke ni kamar buhu, saboda haka na daina sauka. 'Yata takan zaunar da ni a kujera jikin taga, ta ajiye mini ruwa da magani, ta ja ƙofa ta tafi aiki.

Layinmu ne ya riƙe ni. Makarantar firamare tana ƙarshensa, da safe motoci su cushe, masu babur su yi ta hon, mai faci da mai shago su yi ta sa-in-sa a kan wurin ajiye benci. Akwai wani mai jar mota da bai iya ribas ba. Ni da na tsufa a kan sitiyari, nakan leƙa in zazzaga masa masifa da rabin bakina, ko yana ji ko ba ya ji. Duk wanda ya tambaye ni ya jiki, sai in ce hayaniyar nan ta hana ni barci. Ya fi mini sauƙin faɗa da in ce jiki ba sauƙi.

Rannan na hango yara sun fito da malamarsu da wata injiniya mai hular kwano, suna ja da igiyar awo, suna zane da alli a kan kwalta. Jikata, wadda muke ce wa Tsigi saboda ƙanƙanta, ita ta kawo mini labari. Wai hukumar gari za ta gyara layin, kuma 'yan makaranta ne za su tsara shi. Sun gina layin da kwali a aji, har da benenmu. An ce kowa ya tambayi wani a gida abin da yake so, ita kuma ni ta zaɓa.

Na ce a kwashe su duka, motocin da masu su, a kai bola. Na zaci za ta yi dariya. Kai kawai ta gyaɗa, ta fita.

Aiki ya zo ya wuce. Aka kafa turakun ƙarfe a bakin layin, mota ba ta shiga. Aka mayar da wurin sauke yara bayan makaranta, mai faci ya bi motocin can, mai shago ya rasa abokin faɗa ya koma ciki. Aka jera itatuwa a manyan tukwane, aka shafa wa kwalta fenti. Gaskiya ya yi kyau, kuma babu babur ɗin da zai ƙara bankaɗe yaro. 'Yata sai sa musu albarka take yi.

Ni kuma na zauna ina kallon itace. Itace ba ya ribas, ba ya faɗa da kowa. Yini ya yi mini tsawo, ɗakin ya matse ni, har na fara jin ƙarar firij daga ƙasa. Kewa ta kama ni irin wadda ban ji ba tun rasuwar matata.

Tsigi ta hau wurina tana ta washe baki. Ta ce ita ta miƙe a gaban injiniyar ta ce kakanta ba shi da lafiya, hayaniya tana hana shi barci. Shi ya sa aka ware ɓangarenmu ya zama wurin shiru, kuma malama ta ba ta kula da shi.

"Kaka, yanzu kana samun barci?"

Saura kaɗan in faɗa mata gaskiya. Uwarta na tsaye a ƙofa tana kallona.

"Ina samu, Tsigi. Allah ya yi miki albarka."

Washegari bayan an tashi makaranta wasu yara suka shigo da ƙwallo, suka kafa gola da takalmansu a ƙasan tagata. Zuciyata ta yi fari, na gyara zama, har na fara zaɓen wanda zan yi wa tsawa. Sai ga Tsigi a guje, yatsa a kan leɓe. Ta kwashe takalman ta miƙa musu, ta kora su can ƙarshen layi inda idona ba ya kaiwa. Sannan ta dawo, ta ɗaga kai, ta ɗaga mini hannu.

Na ɗaga mata hannun da ke aiki.