Kejin Duna

Kwana tara ke nan Nu'uman yana lallashin Duna ya shiga kejin ƙarfe. Ranar Alhamis mai garke zai kwashe tumakinsa daga bayan unguwar Nakkasa ta Makka, don katafila ta gama da gidajen gindin tudun. Ya ce in karen ya shiga keji a tafi da shi, in ya ƙi a bar wa baladiyya, hukumar gari. Kowa ya san abin da ake ba karnukan da aka bari.

Duna baƙi ne wuluk, ya kai ɗan maraƙi girma, kuma shi kaɗai ya rage daga abin da Yaya Yunus ya mallaka. Shekara biyu ke nan da 'yan jawazat, jami'an shige da fice, suka kama Yunus a bakin garken, ba shi da iƙama, takardar zaman ƙasa, suka tura shi motarsu mai raga. Har yau ba waya, ba labari.

Nu'uman bai yi gaggawa ba. Ya ɗaure ƙofar a buɗe, kullum yana matsar da ƙashi ciki kaɗan. Duna kan miƙa wuya ya ɗauke, ƙafafunsa na waje.

Laraba da hantsi Mukhtaru direba ya zo, haifaffen Makka, rabin Hausarsa Larabci.

"Ya shaikh, har yanzu fadanci kake wa kare?" Ya daka wa Duna tsawa. "Yalla, irkab!"

Karen ya sandare. Bai dubi Mukhtaru ba, hanyar da ta gangara ya fuskanta, ya ja wani dogon kuka. Da wannan kalmar aka ce wa Yunus ya hau mota. Nu'uman ma ya ji ta ranar, yana laɓe bayan buhunan dusa, bai fito ba.

"Kar ka sake faɗinta," ya ce.

Ya ɗauko tsohon haramin Yunus ya shimfiɗa a kejin, ya rarrafa ciki ya takure. Daidai nan motar ta tsaya ranar da aka kama Yunus. Ta cikin ragar kejin ya ga garken, da buhunan dusa, sarai. Ashe daga ciki ana ganin bayansu.

"Taho, mutumina," ya ce, yadda Yunus ke kira. Muryar da ta fito ba tasa ba ce.

Duna ya sunkuyo ya shiga, ya shinshini haramin, ya kwanta masa a ƙafafu.

Mukhtaru ya kwance igiyar ƙofar. "To fito in rufe."

"Dakata tukuna," in ji Nu'uman, idonsa na kan buhunan.