Ƙwaryar Baba Gide Mai Maɗaukai Biyu

Duk Tafoki babu wanda bai san Baba Gide ba, wanda kuwa bai sani ba shi da kansa zai zaunar da shi ya sanar da shi. Agana ta kama shi ta gaji ta sake shi. Kububuwa ta sare shi sau biyu, ita ce ma ta mutu. Ya faɗo daga kan rimi ya tashi ya karkaɗe riga. Abu ɗaya ne ba ya sawa a labari: yatsunsa. Ciwon gaɓɓai ya lanƙwashe su kamar citta, ko ludayi ba ya riƙuwa.

Ga shi ran Asabar sunan tattaɓa-kunnensa, kuma a gidansu dattijon gida ne ke fara ɗaga ƙwaryar fura ya kurɓa, sannan ya miƙa wa na kusa. Bara ƙwaryar ta suɓuce masa gaban jama'a, ya ɗora wa ƙuda laifi.

"Malam, bana ka bari Mas'udu ya riƙa maka," in ji matarsa Hajiya Baraka. Mas'udu shi ne babban ɗansu.

"A ba ni a baki kamar jinjiri? Ni da na kada bijimi a kasuwar Sheme?"

Shemen kuwa ya tafi, wurin Mamuda gyartai mai ɗinkin ƙorai, hannuwa ɓoye cikin babbar riga.

"Maɗaukai biyu na fata za ka ɗinka wa ƙwaryar nan, dama da hagu, yadda mutum zai zura hannu ya ɗaga ba sai da yatsu ba."

"Kawo hannun in gwada, Baba."

"Wa ya ce maka tawa ce? Ta Hajiya ce. Ka san mata da raki."

Mamuda ya ce to, ya auna da awarwaron tasa matar.

Ran Asabar zaure ya cika, aka dama fura cikin sabuwar ƙwarya. Baba Gide ya tura hannu, ya ji matsi, ya cije ya ƙara turawa har suka shige. Ya ɗaga. Ta tashi sakayau kamar auduga. Ya kafa kai ya yi ta kwankwaɗa, ko ɗigo bai taɓa gemunsa ba. Daɗi ya kama shi har kunnuwa, ya sauke yana ƙyalƙyala dariya.

"Malam Gide, miƙo mana," in ji amininsa Malam Ɗanliti.

Baba Gide ya ja hannun dama, ya ƙi fita. Ya ja na hagu, ya ƙi.

Sai ya miƙe zumbur da ƙwarya manne a hannu. "Yau ni ke shayarwa. Malam, buɗe baki."

Malam Ɗanliti, wanda nasa hannun ya daɗe yana rawa, ya sha har ya lumshe ido. Baba Gide ya bi dattawa ɗaya bayan ɗaya yana taka rawa, kowa na dariya fura na bin haɓa, uku na tambayar inda aka ɗinka.

A cikin gida Hajiya Baraka ta zauna tana shafa masa man shanu a wuyan hannu, shi kuwa bai daina lissafi ba: dattawa goma sha ɗaya ya ba a baki, shi babu wanda ya ba shi.

"Mamuda ya aiko yana tambaya ko ta yi mani daidai," ta ce. "Cire ka ba ni kayana."

"Ara mani zuwa suna na gaba, Hajiya."